Igiyar Baba Gwadabe

"Huɗu da taƙi," in ji Baba Gwadabe. Ya sake ɗora bakin igiyar a gwiwar hannunsa ya auna har kan yatsa, don yaron ya gani da idonsa. "Kamu huɗu da taƙi ɗaya. Kai Uwaisu, yau aljani ne ya goyo ka?"

Uwaisu na tsaye a ƙofar zauren ya dafe gwiwoyinsa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Haki bai bar shi ya yi dariya ba, sai haƙora kawai ya buɗe.

Haka suke yi kullum da sassafe tun faɗuwar damina, kafin yaron ya tafi makaranta. Ba wanda ya mallaki agogo a Takur a wancan lokaci, saboda haka tsohon ya mai da igiya agogonsa. Yaro na tashi da gudu, shi kuma sai ya kama tufkar rama. Yaro ya bi burtali, ya kewaye duwatsu, ya ratsa ta cikin dabinai ya dawo, sai a auna abin da aka tufka. Ranar farko kamu tara aka samu. Kafin gero ya fid da kai an sauko bakwai. Da aka yi girbi suna kan shida, nan kuma abin ya tsaya har mako uku.

Safiyatu, uwar yaron, tana bayan danga tana bakace. Danga ɗaya ce ta raba gidansu da na tsohon, kuma ta wata ɓula da akuya ta yi, ta ga abin da ɗanta bai gani ba. Yaron na ɓacewa a bayan duwatsu tufkar ta tsaya. Ramar ta zube a cinyar tsohon, ya jingina kai da bango, ƙirjinsa na hawa da sauka kamar zugazugi. Ya daɗe a haka kafin ya lalubi bakin igiyar ya ci gaba.

Da yaron ya shige wanka, ta zuba kunu a ƙoƙo ta zagaya. Ta durƙusa ta ajiye.

"Baba, igiyar nan ta yi ƙarya yau."

"Igiya ba ta ƙarya, Safiya. Hannun ne ya gaji." Ya ɗauki ludayin, ya mayar bai sha ba. "Gaskiyarsa shida. Shida kuwa ta isa. Na ga yaron garin Aujara da ake ta zuzutawa, Sale yake ko wa? Ƙafa ce da shi kamar ta zalɓe, amma ba shi da ƙirji. Da ni nake masa tufka, bakwai zai ci."

"To don me ka ce masa huɗu?"

"Jibi ne tseren. Ki bar shi ya je da ƙoshin zuciya." Ya yi tari mai tsawo, ya tofar a ƙasa, ya rufe da tafin ƙafarsa da ta kumbura. "In kuma wani abu ya riga, kar a gaya masa sai ya dawo. Kin ji ni?"

"Baba, daina faɗin haka."

"Na ce kin ji ni?"

"Na ji."

A ƙuruciyarsa Baba Gwadabe ne ɗan aiken hakimi. Yakan soke takarda a tsagar sanda ya bar Dutse da asuba, gari na sake wayewa yana ƙofar Kano. Ya yi wa masu rawani aike, ya yi wa Turawa a shekarunsu na farko. Da keke ya shigo ƙasar aka sallame shi da riga ɗaya, ya dawo zaurensa yana tufka. Allah bai bar masa ɗa ko ɗaya ba, daga shi sai matarsa Iya Adama. Ranar da ya ga Uwaisu ya bi ɗan maraƙi tun daga rijiya har gindin dutse bai tsaya ba, ya kira shi ya ce ya buɗe baki ya ga numfashinsa. Daga nan aka fara.

Bana ce shekarar Uwaisu ta ƙarshe a elementare. Baturen makaranta ya aiko cewa za a tara yaran ƙasar Dutse da na kewaye a yi tseren daji, biyun da suka fara isowa kuma zai sa su cikin waɗanda zai kai makarantar Midil a Kano. Wanda bai samu ba ya koma gida. Gida kuwa, ga Uwaisu, gonar baffansa Zailani ce, domin ubansa ya tafi haƙar kuza a Jos shekara uku ke nan, sai saƙon gaisuwa jefi-jefi. Zailani bai ɓoye ra'ayinsa ba.

"Mutum ba ɓarawo ba, ba kura ce ta biyo shi ba, ya kama gudu yana zagaya dutse," yakan ce. "Ya gama haukarsa, fartanyarsa na nan na ajiye masa."

Safiyatu ba ta taɓa mayar masa da magana ba. Ba ta kuma taɓa nuna wa kowa cewa abin ya dame ta ba, don Uwaisu ɗan farinta ne. Shekara goma sha biyu bakinta bai furta sunansa ba. "Yaron nan" take cewa, ko "wancan". In ta zuba masa tuwo sai ta ajiye ta kau da kai. Haka ta tarar uwarta na yi wa babban yayanta, haka kowace mace mai kunya take yi. Amma ta san sawun ƙafarsa a cikin sawun yara goma, ta kuma san abin da take so: kada yaron nan ya ƙare rayuwarsa a duƙe a gonar wani.

Abin da ke faɗar mata da gaba ba ƙafarsa ba ce, ladabinsa ne. A tseren da aka yi da bazara shi ne a gaba, har ya ci karo da liman a kan jaki. Ya ja birki ya zube ƙasa, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali. Kafin liman ya gama amsawa yara huɗu sun wuce. Baba Gwadabe ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya ɗaure fuska ya ce ɗan aike ba ya durƙusa wa kowa a hanya, hannu yake ɗagawa ya wuce. Wata biyu ana koya wa yaron wannan, kamar ana koya masa cin haram.

Ranar tseren, bayan sallar asuba, ta ji shi ta danga yana gaida tsohon. Muryar da ta amsa ta yi ƙasa sosai, sai da ta matso ta kasa kunne.

"Da an busa, za su zuba kamar an kwance awaki. Kar ka bi su."

"To, Baba."

"Ka kama sassarfa har bakin dabinai. In ka ga babba fa?"

"In ɗaga hannu in wuce."

"Ko hakimi ne?"

"Ko hakimi ne."

"Tafi. Allah ya kai ƙafa."

Ya biyo ta ƙofar gida ya ce, "Inna, na tafi." Ta ce, "Umm," tana hura wuta. Sai da sawunsa ya yi nisa ta ɗago.

Rana ba ta gama fitowa daga bayan duwatsu ba Iya Adama ta leƙo ta kan danga. Ba kuka a muryarta.

"Safiya, zo ki duba min malam. Na yi magana bai amsa ba."

Yana kwance a kan tabarmarsa ta ɓarin dama, hannu ɗaya a ƙarƙashin kunci, kamar wanda ya ce bari in ɗan huta. Safiyatu ta taɓa ƙafarsa. Ta daɗe tana kallon ƙirjin ko zai motsa. Sannan ta yi salati, ta ja mayafin ta rufe masa fuska, ta kama hannun tsohuwar ta zaunar da ita.

Nan da nan gida ya cika. Maza suka taru a ƙofar zaure, wasu suka ɗauki magirbi suka nufi maƙabarta, aka aika kiran liman. Safiyatu na ɗora ruwan wanka a murhu, hankalinta na wani wuri. Hanyar maƙabartar Takur ɗaya ce, kuma ta ratsa burtalin da yaran za su biyo, daidai inda malaman makaranta suka kafa sanduna da fararen ƙyallaye jiya. Ta lissafa a ranta: an ce da fitowar rana za a busa. In haka ne, kafin a gama wanka da ɗinkin likkafani yara sun wuce tuni. Ta ɗan sami natsuwa.

Hantsi ya ɗaga, ba ta ji hayaniyar kowa ta wajen burtali ba. Aka gama wanka. Wata Bafillatana mai nono da ta fito daga cikin gari ta tsaya yin gaisuwa, Safiyatu ta ja ta gefe.

"Kin biyo ta filin makaranta? An yi tseren?"

"Ina fa. Motar Nasara ta kafe a yashi, ana ta turi. Yara na nan zaune a rana kamar kaji. Da zan taho dai na ga an fara jera su."

Safiyatu ta gyara mayafi ta je bayan zaure, inda mace ke iya tsayawa ta yi magana da maza ba a gan ta ba, ta sa aka kira mata Zailani.

"Yaya, don Allah da za a ɗan dakata da fita. Kaɗan kawai. Yanzu yaran za su wuce."

"A dakata da me?"

"Da gawar. In yaron nan ya gani..."

"Safiya, kin san abin da kike faɗa? Rana na yi, kabari a buɗe, liman a tsaye, in je in ce musu a ajiye bawan Allah sai yaran Nasara sun gama wasa?"

"Shi da kansa ya ce kar a gaya masa sai ya dawo."

"Ba wanda zai gaya masa. Mu hanyarmu za mu bi." Ya juya, sannan ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "Abin da Allah ya rubuta wa yaro ba makara ce za ta hana shi ba. Koma cikin mata."

Ta koma. Ta ji an ta da kabbara huɗu a waje. Ta ji an ɗaga. Iya Adama ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Safiyatu ta dubi tulun da ke jingine a gindin rumbu, cike yake har wuya. Ta tuntsurar da ruwan a gindin zogale, ta ɗora tulun a ka ta fita ta ƙofar baya. Mace ba ta bin gawa, amma ba wanda ya hana mace zuwa rijiya.

Ta yanke ta cikin gonar dawa, karare na dukan fuskarta, ƙarangiya na kama zaninta. Ta fito bakin burtali ta laɓe a gindin wata aduwa, 'yan taku kaɗan daga mararrabar hanyoyin biyu. Ta hagu ga masu makara suna tahowa, kuma sun fi yadda ta zata yawa. Duk wanda tsohon ya taɓa kai wa saƙo ya fito, har da mutanen ƙauyukan da ba ta san su ba. Hanyar ƙarama ce, shingen ƙaya dama da hagu, sai bibbiyu suke tafiya. Ta dama kuwa, can wajen dabinai, ba kowa tukuna.

Ta fara addu'a a ranta, ita kanta ba ta san wadda za ta roƙa ba, ya zo da wuri ko ya makara.

Sai ga shi. Shi kaɗai, ɗan mitsitsi a tsakanin dabinai, kai a tsaye, hannuwa a ƙugu kamar yadda aka koya masa. Ta duba bayansa. Sai da ya ci tsawon gona guda sannan wani dogon yaro ya ɓullo, bayansa kuma sauran a warwatse. Bai ga komai ba tukuna. Ya wuce wani tsoho mai itace a ka, ya ɗaga masa hannu bai tsaya ba.

Makarar ta riga shi shiga mararrabar da taku goma.

Ta ga ƙafarsa ta rage. Babba daban, gawa daban, wannan ba wanda ya koya masa, ba kuma wanda zai iya. Ya tsuguna a gefen hanya, ƙirjinsa na bugawa, bakinsa na motsi da salati. Ya ɗaga ido don ya ga ko ta wane gida ce. Ya ga baffansa a gaban makarar. Ya ga maƙwabtansu ɗaya bayan ɗaya. Ya ga sabuwar igiyar rama da aka ɗaure tabarmar da ita. Bakin ya daina motsi.

Dogon yaron ya iso, Sale na Aujara, ya zube kusa da shi yana haki. Wani ya iso, wani ya iso. Ba wanda ya yi gigin ratsawa. Suka jeru a bakin shinge su goma sha, suna jan numfashi, suna hutawa, duk tazarar da Uwaisu ya tara tun daga filin makaranta ta narke a wurin. Mutane na ta wucewa bibbiyu, ba sa ƙarewa. Safiyatu ta sauke tulun daga kanta.

Na ƙarshe na tsallake burtali, yaran suka zabura gaba ɗaya. Ƙura ta lafa, Uwaisu na nan inda yake. Ya miƙe a hankali. Bai kalli fararen ƙyallayen ba. Ya juya ya fuskanci bayan masu makara, ya ɗaga ƙafa.

Safiyatu ta fito daga gindin aduwar, ta tsaya a tsakiyar hanya.

"Uwaisu."

Sunan ya fito da ƙarfi fiye da yadda ta yi niyya. Dattawan da ke ƙarshen layi suka waiwayo. Ɗaya daga cikinsu ya san ta, ya san ko wane ne yaron, ya kama baki. Yaron kansa ya tsaya cak, yana dube-dube kamar bai gane muryar ba, don bai taɓa jin sunansa a cikinta ba.

"Uwaisu, ni ce. Dube ni." Ya dube ta, hawaye sun haɗu da gumi. "Ya san zai tafi. Ya ce sai ka dawo. Ba ka dawo ba tukuna."

"Inna, Baba ne."

"Na sani, ni na rufe masa fuska. Akwai masu kai shi. Kai ba mai kai maka. Juya."

Ya kalli makarar da ta fara shan kwana. Ya kalli burtali, inda na ƙarshen yaran ke ɓacewa a gindin dutse. Ya share fuska da bakin rigarsa. Bai zabura ba. Ya mai da hannuwa ƙugu ya kama sassarfa, ita kuwa ta ji kamar ta bi shi ta tura shi. Ta tsaya har dutse ya rufe shi, sannan ta ɗauki tulunta ta koma gida ba ruwa a ciki.

Kafin ta isa labari ya riga ta. Da ta shiga, matan suka bi ta da ido. Wata ta ce wa ta kusa da ita, yadda kowa zai ji, "Zamani ke nan." Safiyatu ta wuce ta zauna kusa da Iya Adama ta ɗauki tsintar gero. Tana tsinta, tsakuwa na komawa cikin tsintaccen. Maza suka dawo daga maƙabarta, yaron ba ya cikinsu. Zailani ya tsaya a bayan zaure ya sa aka kira ta.

"An ce kin tsaya a hanyar gawa kina kiran ɗan fari da sunansa, maza na ji."

"Na kira shi, Yaya."

"Ba ki ji kunya ba?"

"Na ji. Na kira shi duk da haka."

Ya koma wajen masu gaisuwa.

Rana ta take tsaka, ba yaro ba labarinsa. Aka kira azahar. Duk sallamar da aka yi a ƙofa sai gabanta ya faɗi. Sai bayan an idar Malam Sharhabilu, malamin ajinsu, ya zo ta'aziyya. Ta ji muryarsa ta danga, ya yi addu'a doguwa, ya tambayi ciwon, ya tambayi shekarun mamacin, ita kuwa tana riƙe da faifai ta kasa ajiyewa. Can wani ya tambaye shi yadda aka ƙare.

"Ai daga mararrabar nan hawa ne har fili," in ji malamin. "Yaran sun huta, sai suka kwasa da gudun tsiya, suka manta da dutse. Rabinsu a kan hawan suka fashe. Shi kuwa yana tafe yana tsintar su ɗaya-ɗaya. Tara ya wuce ina kallo. Ɗan Aujara ne kaɗai ya tsere masa, shi ma da ƙyar."

"Na biyu ke nan?"

"Na biyu. Bature ya rubuta sunansa, bayan salla za su tafi Kano. Sai dai bai tsaya karɓar kyautarsa ba, ga ta nan na kawo. Yana taɓa igiyar ƙarshe ya zarce, ban san inda ya nufa ba."

Safiyatu ta ajiye faifan. Iya Adama ta dafa gwiwarta.

Sai da la'asar ya shigo, yana ɗingishi, jar ƙasar maƙabarta a gwiwoyinsa da tafin hannunsa. Ya durƙusa gaban Iya Adama. Tsohuwar ta shafa kansa ta ce ya je ya sha ruwa. Ya sha, ya koma gindin rumbu ya zauna ya miƙe ƙafafu. Tafin duk ya farfashe, ƙaya ta shige ta karye a ciki.

Safiyatu ta tashi daga cikin matan ta ciro matsefata daga bakin zaninta. Ta zauna a ƙasa, ta ɗauki ƙafar ta ɗora a cinyarta. Tana cire ƙaya tana jerawa a kan wani ɓallin kasko. A bayan gida an fara dakan geron sadaka, taɓare biyu na amsa wa juna. Kafin ta gama da ƙafar hagu kansa ya karkata ya jingina da rumbu, barci ya ɗauke shi. Matan na kallo. Ta jawo ta daman.